Dokar Benci

A hawa na uku na asibitin akwai wani dogon benci mai ruwan ganye, tsakanin injin ruwan sha da ƙofar ɗakin da ake sa mana magani. Ƙafarsa ɗaya ta gaza sauran, wani ya naɗe kwali ya cusa a ƙarƙashi. A kan wannan bencin muke jiran a kira mu, mu da ake gwada sabon magani a jikinmu.

Ni aikin gilashi da alminiyom nake yi: tagogi, ƙofofi masu zamewa, akwatin nuna kaya na shaguna. Kafin nan na yi faci, na yi wankin mota, na taɓa bin wata babbar mota har na gaji da barci a kan buhuna. Makaranta kuwa tun da wuri na ajiye ta, don zama wuri ɗaya ba ya yi mini. Yayata ce ta riƙe ni bayan rasuwar Inna, kuma ita ke cewa da ƙaya a mazaunai aka haife ni. Tela ce, shagonta na bakin titi, gidanta na bayan shagon, ni kuma ɗakina na gefen kicin. Har yau Auta take kirana, ko da yake idan muka tsaya kanta a kafaɗata yake tsayawa.

Abin ya fara ne da wani ƙulli a cinyata ta hagu. Na ɗauka tsani ne ya buge ni. Da ya ƙi tafiya aka yanka aka cire, aka ce ciwon daji ne, irin wanda ba a cika gani ba. Likitan ma sai da ya juyo da fuskar kwamfutarsa yana karanto sunan a hankali kamar mai koyon karatu. Aka yi mini maganin da ake yi wa kowa, mai zubar da gashi. Gashi ya zube, ciwo bai zube ba. Da aka ɗauki hoton ƙirjina sai ga shi ya haura huhu, ɗigo-ɗigo fari, kamar mai fenti ya yi aiki kusa da gilashi bai rufe ba.

Ranar Likita ya cire tabarau ya ce akwai wani magani da ake gwadawa. Ba a gama saninsa ba, ko suna ba shi da shi, sai haruffa da lambobi. Gurbin kaɗan ne, amma irin ciwona suke nema. Ya ce idan jiki ya nuna haɗari, musamman zuciya, za a dakatar da mutum, kuma wanda aka dakatar ba ya dawowa.

Na ce, “A ina zan sa hannu?”

Yaya ta ce, “Auta, ka bari ya gama magana.”

“Ai ya gama, Yaya.”

Ranar farko na tarar da mutane a kan bencin. ’Yan rakiya kuma suna kan kujerun roba a ɗaya gefen, nan Yaya ta zauna da jakarta a cinya. Wani tsoho mai faɗin kafaɗa ya matsa mini. Tsohon direban tirela ne, kowa Kawu Direba yake ce masa.

Ya ce, “Kai ne sabon ɗan cinya?”

Na ce ban gane ba.

“Mu nan da wurin ciwo ake kiran mutum kafin a san halinsa. Ni ɗan kafaɗa ne. Waccan Hajiyar ’yar ciki ce. Wancan mai barcin, har yanzu likitoci ba su yanke shawarar ɗan ina ba ne.”

Mai barcin ya buɗe ido ɗaya ya ce, “Ɗan gidanku.” Benci ya ɗauki dariya, ƙafar kwali na rawa.

Kawu ya rage murya. “To yaro, in ka shiga Sista za ta tambaye ka yaya jiki. Me za ka ce?”

“Yadda yake zan faɗa mata.”

Hajiya ta kama haɓa. Kawu ya girgiza kai kamar na ce zan tuƙa tirela ba burki.

“Saurara. Amai, faɗa. Zawo, faɗa, har ka ƙara gishiri, suna son abin rubutawa. Ƙaiƙayi, ciwon baki, duk ka zazzage musu. Amma abin da ya shafi nan,” ya dafa ƙirjinsa, “jiri, duhun ido, zuciya ta yi maka tsalle, wannan ka haɗiye shi da ruwa. Lafiya lau, shi ke nan. Wurin da kake zaune ɗin nan, wani mai gyaran agogo ne ke zama. Mutumin kirki, ba ya iya ƙarya. Ya ce musu zuciyarsa na gudu. Suka gode masa, suka sallame shi. Daga baya ɗansa ne ya zo gaishe mu.”

Ba wanda ya yi dariya a nan. Na waiga, na ga Yaya ta ji komai. A hanyar gida, tana bayana a kan babur, ta ce cikin iska, “Wannan tsohon sai ya kashe mutane.” Na ce ai mutanen sun zo da nasu abin kisan tun daga gida.

Maganin ta jijiya ake sawa, kamar ƙarin ruwa. Ledarsa a rufe take da wata riga mai ruwan ƙasa, wai haske na lalata shi. Tunda ba shi da suna, ’yan benci suka sa masa Baƙo. In ya shiga hannu sai ka ji sanyi na hawa har wuya, bakinka ya yi ɗanɗanon ƙusa. Kafin a sa, Sista takan manna mini wayoyi a ƙirji ta duba bugun zuciya, na ɗan lokaci kaɗan. Kawu ya ce kada in damu, zuciya na da kunya, ba ta rashin hankali a gaban manya.

Baƙo ya wahalar da ni. Fatar tafin hannuna ta saɓule har ba na iya riƙe abin yanka gilashi sai da safar hannu. Bakina ya yi gyambo, ruwa ma da dabara nake sha. Amma wata rana a wurin aiki na ɗauki ganyen taga na hau da shi bene, sai da na ajiye na tuna ban tsaya hutawa ba. Ban yi tari ba. Na tsaya a ɗakin da ba a gama ba, ƙurar siminti ko’ina, na ja numfashi har ƙasan ciki, ya shiga duka. Ogana ya leƙo ya ce, “Kai, lafiya kake murmushi kai kaɗai?” Na ce masa iska ce ta yi mini daɗi.

An sa mana ranar babban hoto, wanda zai nuna ko Baƙo na aiki. Duk wanda hotonsa ya yi kyau, za a ci gaba da ba shi. Abin da na sa a gaba ke nan. In kai ranar hoto, ina kan benci.

Jirin ya fara a hankali. In na miƙe da sauri sai duniya ta ɗan karkace. Wani lokaci zuciyata ta yi kamar kifi a cikin riga, ta fantsala, ta tsaya, ta ci gaba. Na haɗiye da ruwa, yadda aka koya mini.

Sai ranar da Yaya ta ce gilashin akwatin shagonta ya daina zamewa. Da rana ne, ba kowa a shagon sai mu biyu, tana ɗinki. Na durƙusa na cire tayoyin ƙasa, zare ne ya naɗe su. Na ce, “Yaya, rabin zaren garin nan na cikin akwatinki.” Na miƙe da gilashin a hannu. Kifin ya yi tsalle. Na ji kamar an kashe fitila daga gefe zuwa tsakiya.

Na farka kaina a cinyarta, fuskata jiƙe, gilashi ya tarwatse a ƙasa. Tana kiran sunana na yanka, wanda ba ta taɓa kira sai in na yi babban laifi.

“Tashi mu tafi asibiti.”

“Ba inda za ni.”

“Auta, mutuwa ka yi ka dawo.”

“Yunwa ce. Ban karya ba.”

“A gabana ka karya.”

Na riƙe hannunta. Na ce mata ta ji labarin mai agogo da kunnenta. Na ce ta tuna yadda nake kwana a zaune saboda tari, yanzu kuwa har minshari take cewa ina yi. Na ce saura kaɗan a yi hoto, in an gani yana aiki, ni da kaina zan faɗa, lokacin ba za su iya yar da ni ba. Ban san ko haka ne ba, amma na faɗa. Na ce, “Ban taɓa riƙe wani abu har ƙarshe ba, ke ce shaida. Wannan kaɗai nake so in riƙe. Ki rantse ba za ki faɗa ba.”

Hawayenta na ɗiga a goshina.

“Ki rantse da Allah, Yaya.”

Ta rantse. Da bakinta, ta kira sunan Allah. Sannan ta tashi ta ɗauko tsintsiya ta share gilashin, ta hana ni taɓawa.

Da yamma na buga wa Kawu waya na faɗa masa. Ya ce in sha ruwa da yawa, in ci ayaba, in daina hawa tsani, in zan miƙe in miƙe kamar tsohuwa. Ya ce, “Wa ya gani?” Na ce yayata, amma ta rantse. Ya ce, “To.”

A kwanakin da suka biyo baya Yaya ta ajiye ɗinkin mutane ta kama wani daban. Ta sayo yadi mai kauri, ta yanka riguna da wanduna, marasa ado, na maza. Keke na kuka tun safe. Masu kaya na zuwa suna mita, tana ba su haƙuri. Na ce na wane ne? Ta ce na marasa lafiyar da ba su da mai kula da su, a ɗakin ƙasa na asibiti. Na ce a raina sadaka take yi don in warke. Na zauna na goge mata su da dutsen guga, na ninke, na ɗaure a bayan babur. Ni na kai su har ƙofar ɗakin, na miƙa wa mai kula da wurin. Da na dawo na ce, “Allah ya saka, Yaya.” Sai ta hau neman almakashi, alhali yana hannunta.

Ranar magani ta zo. Sista ta manna wayoyi, zuciya ta yi kunyarta. Ta ce, “Yaya jiki?”

“Lafiya lau. Sai zawo, Sista, kamar famfo.”

“Jiri fa? Faɗuwa?”

“Ko kaɗan.”

Ta daɗe tana kallona. Yaya na tsaye bakin ƙofa tana duban takalminta. Sai Sista ta ce yau ba za a sa Baƙo ba tukuna. Likita na so in tafi gida da wata ’yar na’ura a ƙirji, ta kwana tana sauraron zuciyata. Ta ce ba wani abu ba ne, akan yi. Da na fito na tambayi benci, ba wanda aka taɓa yi wa.

Na je gida na kwanta kamar gawa. Ban je aiki ba, ban hau babur ba, ko tari na ji zai zo sai in danne. Na yi ta lallashin zuciyata kamar yadda ake lallashin jariri. Washegari da safe, ina tsaye ina goge baki kawai, kifin ya fantsala. Na dafa bango ina kallon ’yar fitilar na’urar tana ƙiftawa.

Likita bai yi kwana-kwana ba. Ya ce abin da na’urar ta kama irin bugun da ke iya tsayar da zuciya ne ba sallama. Ya ce an cire ni daga gwajin.

Na ce, “Ciwon ma ai kashe ni zai yi.”

“Na sani.”

“To ku bar ni in zaɓi wanda zai yi.”

“Ba zan sa maka abu a jijiya da hannuna ba, ina sane zai iya kashe ka kafin ka kai bakin titi.”

“A rage yawansa.”

“Ƙa’idar ba ta bari. Ba ni na rubuta ta ba.”

Na ce wa ya faɗa musu. Ya ce na’ura ce ta faɗa. Na ce wa ya faɗa wa na’urar. Ya mayar da tabaransa ya ce duk da haka za a yi mini hoton, don rufe fayil.

Mutum biyu ne suka sani. Ɗaya ta rantse, ta yi kuka, ta ɗinka riguna. Ɗaya kuwa tsoho ne da ban san ko ƙofar gidansa ba. Na zauna a kicin ɗin Yaya ina zaginsa. Na ce munafuki ne, yana koya wa mutane doka yana kai rahoto. Na ce ƙila wani nasa yake nema wa gurbi. Na ce in na kama shi sai na ƙarasa masa ɗaya kafaɗar. Yaya na juya miya, bayanta gare ni. Ta ce, “Bar shi, Auta, ci abinci.” Kullum haka. In zage shi, ta zuba mini abinci. Kawu ya yi ta kirana a waya, ina kashewa.

Ranar da aka nuna mini hoton, ni kaɗai na je, Yaya ta ce aiki ya yi mata yawa. Likita ya jera biyu a fuskar kwamfuta, na da da na yanzu. Ba sai an yi karatu ba. A na da, fenti ko’ina. A na yanzu, kamar an bi da reza an kankare, saura ’yan ɗigo a gefe, su ma sun ƙanƙance.

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, har Sista ta leƙo.

“Ke nan yana aiki.”

“Yana aiki,” in ji Likita. Bai kalle ni ba.

Na fito na nufi benci. Kawu na zaune yana ɓare lemo. Na tsaya a kansa, na faɗa masa duk abin da na tara, a gaban kowa. Hajiya na cewa, “Kai yaro, kai yaro.” Bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye lemon a cinyarsa, ya ɗaga leɓensa na sama da yatsa. Haƙorinsa na gaba a guntule yake.

“Ka ga wannan? A banɗaki na faɗi, bakina ya daki famfo. Na ce wa Sista ƙashi na tauna. Ni zan kai ka? In na kai ka ai sai su fara duba kowa, har ni.”

“To wa?”

Ya ɗauki lemonsa. Ya daɗe yana cire zaren jikinsa.

“Akwai ranar da na zo a ɗebi jinina, ba ranarku ba. Na ga yayarka ta fito daga ofishin Sista, ita kaɗai, idonta jawur. Ta gaishe ni har ƙasa. Na ɗauka kai ka aiko ta. Abin da nake ta kiranka in tambaya ke nan.”

Ban san yadda na sauka benen ba. Na tuna dai na bar babur a asibiti, na tafi a ƙafa, don na san in na hau zan buge wani.

Na tarar da mai kaya a shagon, wata mata mai jayayya a kan tsawon hannu. Na jingina da akwatin da ba shi da gilashi har yanzu, na jira. Yaya ta kalle ni sau ɗaya, ta ci gaba da awo. Matar ta tafi. Yaya ta zauna a bakin keke, ta ɗora ƙafa a kan mataki, ba ta taka ba.

Na ce, “An nuna mini hoto.”

“Yaya yake?”

“Ya kusa wankewa tas. Baƙo na aiki.”

Ta rufe baki da hannu.

“Rigunan nan,” na ce, “guda nawa ne?”

Ta sunkuyar da kai.

“Ni na goge su, ban ƙirga ba. Goma ne, ko?”

Ta gyaɗa kai. Kowa ya san wanda ya karya rantsuwa yakan tufatar da mabuƙata goma. Ni ne dai ban haɗa ba. Kaffararta ce na goge, na ninke, na ɗauka a bayan babur ɗina, har ina yi mata addu’a.

“Tun kafin ki je kika fara ɗinka su?”

“Tun washegari.”

“Ke nan lokacin da kike rantsuwar kin san za ki karya.”

“Na san ba za ka bar hannuna ba sai na rantse.” Ta share fuska da bakin mayafi. “Auta, kai ba ka gani ba, kai faɗuwa kawai ka yi. Ni na gani. Leɓenka ya koma kalar toka. Na sa kunne a ƙirjinka, na ji zuciyarka kamar keken nan in zare ya cije, ta yi gudu, ta tsaya, ta yi gudu. Da ta tsaya na kira ka, ba ka nan. Ka ce in zauna in jira ta sake yi a kan tsani? A kan babur?”

“Raina ne.”

“Ni na goya shi.”

“Da sai ki ce mini a’a. Ki ce ba zan rantse ba, zan faɗa. Mu yi faɗa. In gudu, ki bi ni. In je gaban Likita in roƙe shi da bakina, ƙila da an samu wata hanya.”

“Babu wata hanya.”

“Ke kika sani? Ke ce likita?”

Na ce abin da ya fi ci mini rai ba ma zuwan ba ne. Ta tsaya a kicin tana juya miya ina tsine wa tsohon da bai yi mini komai ba, tana zuba mini abinci. Yau na tsaya a kansa a gaban mutane na ci mutuncinsa, shi da ke kirana don ya ji lafiyata.

Ta ce, “Tsoronka na ji.”

“Tsorona? Ni da kika wanke wa kashi?”

“Tsoron kallon nan da kake yi mini yanzu.”

Na jira ta ce ta yi kuskure. Da ta faɗa, ko da ƙarya ne, ina jin da na zauna. Ta ɗago, idonta cikin nawa, ta ce, “Da za a maimaita, zan sake zuwa. Ka ƙi ni, amma kana tsaye kana ƙina.”

Na shiga ɗakina na tattara kayana a buhu. Ba su da yawa, wanda bai iya zama ba ba ya tara kaya. Ogana ya ba ni ɗakin bayan shago, inda muke ajiye ragowar alminiyom. Na shimfiɗa katifa tsakanin sandunan. Gilashin akwatinta na yanka sabo, na ba wani abokin aiki ya kai ya sa mata.

Yanzu a hawa na ɗaya ake ganina. Sun ba ni wasu ƙwayoyi, Likita ya ce ba sa korar ciwon, riƙe shi suke yi, in an yi sa’a. Zuciyata ta koma daidai, tana bugawa kamar ta doki. Tafin hannuna ya warke, bakina ya warke. Duk abin da Baƙo ya ɓata ya gyaru. Tari ne ya dawo. Ganyen taga kuwa yanzu sai mu biyu muke hawa da shi, kuma ni ne na ƙasa mai cewa a tsaya.

Nakan hau hawa na uku in gaishe da ’yan benci, ina hutawa a kowace kwana ta bene. Na ba Kawu haƙuri, ya ce in bari, shi ma ya taɓa zagin wanda bai kamata ba a kan hanya, har ya sauko da ƙarfen taya. Kumatunsa sun ciko. An yi masa hoto na biyu, an ce ƙullin kafaɗar ya zama kamar ƙwayar wake. Har yanzu yana faɗuwa, har yanzu yana cewa lafiya lau. Ban san ko gobe zai faɗi bai tashi ba. Yau dai yana ɓare lemo yana tsokanar mai barci.

A gurbina na bencin wani magini ne ke zama, ɗan wuya, matarsa na kan kujerar roba tana kallonsa kamar zai narke. Na ji Kawu na karanta masa dokar: amai faɗa, zawo faɗa. Da ya kai ƙarshe sai ya kalle ni, ya kalli matar, ya ƙara rage murya har ban ji abin da ya ce ba. Ba sai na ji ba.

Yaya ta san ranakun asibitina, ban san wa ke faɗa mata ba. Duk ranar sai in same ta a hawa na ɗaya, a kujerar ƙarshe, da kular abinci a cinya. Ba ta matsowa. Ni ma ina gaishe ta, ban taɓa wuce ta ba gaisuwa ba, ita ta riƙe ni. In karɓi kular, in ce na gode.

Wannan zuwan na ƙarshe, ina cikin layi tari ya kama ni. Na juya bango, na sa hankici. Da na duba akwai ja a ciki, ba yawa, kamar an ɗiga jan fenti. Na ninke shi na sa a aljihu. Ta taso ta zo kusa, abin da ba ta saba yi ba. Ta rame, akwai zare fari manne a mayafinta.

Ta ce, “Auta, yaya jikin? Don Allah ka faɗa mini.”

Hannuna na cikin aljihu, a kan hankicin. Na kalle ta yadda nake kallon Sista.

Na ce, “Lafiya lau, Yaya.”